Kalmar "eventuality" da tsakiyar goshi

Idan Bature ya ce "eventuality" yau, yana nufin abin da ka iya faruwa, galibi marar daɗi, wanda ake yi wa tanadi tun da wuri. Tushenta Latin ne: "evenire", wato fitowa ko aukuwa.

Amma a ƙarni na 19 ta yi wani aikin dabam. Likitan nan Bajamushe, Franz Joseph Gall, ya yi iƙirarin cewa kowace baiwa tana da mazauninta a ƙwaƙwalwa, kuma tudun ƙoƙon kai yana nuna ƙarfinta. Ana kiran wannan firinoloji. Almajirinsa Johann Spurzheim ya sa wa baiwar tuna abubuwan da suka auku suna "eventuality", ya ajiye ta a tsakiyar goshi. Sai mai duba ya shafa goshin mutum da yatsu. In ya ji tudu, sai ya ce mutumin zai iya riƙe tarihi da labarai.

Bincike ya rushe wannan, domin surar ƙashin kai ba ta bayyana basira. Abin takaici, an riga an yi amfani da firinoloji wajen ƙasƙantar da baƙar fata.