Raƙuman dawa na Dallol Boso da ranar da motocin baƙi suka daina zuwa Kure

Dallol Boso da ya ratsa Filinge, idan ka bi shi kudu, shi zai kai ka yankin Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai kan hanyar Doso. Nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka tattaru. A da irin nan ya bazu tun daga Senegal har tafkin Cadi, amma farauta da fari da sharar daji suka cinye shi. A 1996 da aka ƙirga, 49 kawai aka samu. Arba'in da tara fa, a duk duniya!

Abin da ya cece su ba doka kaɗai ba ne. Raƙumin dawa yana cin wake a gona, yana tsinke mangwaro, kuma talaka ba ya haƙuri da ɓarna a banza. Sai ƙungiyoyi irin su ASGN suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance ga mata, samarin ƙauyuka suka zama masu yi wa baƙi jagora, Turawa da mutanen Yamai da 'yan lakwal suna zuwa kallo suna biya. Manomi ya ga dabbar nan tana kawo wani abu gida. Kafin 2018 sun haura 600, har aka kwashi 8 a watan Nuwamba na shekarar aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga bisa babura suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban ƙungiyar masu jagora. Gwamnati ta rufe gandun, Faransa ta gargaɗi mutanenta kada su fita wajen Yamai. Ziyara ta tsaya cak.

A ganina, babbar asarar ba kuɗin shiga gandu ba ne. Yarjejeniyar nan ce tsakanin manomi da dabba ta rasa ƙafa ɗaya, don mai jagora ya koma gida ba aiki, raƙumin kuwa bai daina cin wake ba. Mu ma abin ya shafe mu, tunda da suka yi yawa sun fara hawowa arewa, ana ganinsu har wajen Fandu, inda babu baƙon da ya taɓa biyan ko dala don kallonsu.