Folokam, Beljiyam ko Jabu? Sunayen Kayan Ƙafar Fijo

A bayan gidan kawuna da ke Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, akwai wata Fijo 504 wagon da ta daɗe ana ɗaure akuya a jikinta. Motar kakanmu ce, da ita ya yi jigila tsakanin Kazaure da Kano da Daura har ƙarfinsa ya ƙare. Bara kawu ya ce sai ya tashe ta, kuma ba tashin lallaɓawa ba. So yake ta koma yadda ta fito daga kamfani. Inji bai ba da wahala ba. Da aka zo kan ƙafa ne magana ta tsaya.

Bakaniken da aka ɗauko daga Kazaure dattijo ne, a kan Fijo ya koyi sana'a. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe, sannan ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji, ƙafar nan duk sai an sake. Shokazoba, sifirin ɗin baya, bushin, boljoyin. Amma faɗa mini tukuna, folokam kake so, ko Beljiyam, ko sabo?"

Kawu ya ce shi dai orijinal yake so.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai kowa orijinal yake sayarwa."

Tun ranar nake bin diddigin waɗannan sunaye, don na lura kusan duk asarar da ake yi a wannan harka a baki take farawa, kafin a taɓa sufana.

Bari mu fara da ƙafa. Duk tarkacen da ke tsakanin taya da gangar jikin mota, wanda ke ɗaukar nauyi ya shanye gargada, Bature ya haɗa shi a kalma guda. Bakaniken Hausa bai ari wannan kalma ba. Ya dubi mota kamar dabba, ya ce kayan ƙafa, aikin ƙafa, mota ta saki ƙafa. Sunan ya zauna daram, don kuwa abin da gwiwa da idon sawu ke yi wa mai tafiya a kan duwatsun Roni shi waɗannan ƙarafa ke yi wa mota. Sai dai iyakar Hausar ke nan. Da ka shiga cikin ƙafar, kowane ƙarfe da sunan aro yake amsawa.

Aron ma da tsarinsa. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, kuma yakan mai da p ta koma f. Haka spring ya zama sifirin, plug ya zama fulogi, brake ya zama birki, Peugeot kanta ta zama Fijo. Shock absorber kalmomi biyu ne, aka dunƙule su suka zama shokazoba, masu sauri su ce shok. Mai gyaran ma bai tsira ba. An ji mechanic, aka sa masa ba- irin ta Bakano da Bakatsine, ya zama bakanike, jam'insa kanikawa, sana'arsa kanikanci, kai ka ce akwai wani gari wai shi Kanika.

Abin lura shi ne motar Bafaranshiya ce, amma ko ɗaya daga cikin sunayen nan bai zo mana daga Faransanci ba. Ta bakin Ingilishi muka karɓe su. Ka bi hanyar Daura ka tsallaka iyaka ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram, mota ɗaya ce, Hausa ɗaya ce, amma fulogi ya zama buji, giya ta zama bitas, shokazoba kuma ya koma amsa sunansa na Faransanci, amortisseur. Mutumin Babura ko Gwiwa da ya tsallaka neman kaya ya san gara ya riƙe tsohon ƙarfen a hannu da ya dogara da sunan da ke bakinsa.

Matsalar sunan aro ita ce yana faɗin aikin ƙarfe, ba ya faɗin na wace mota ne. Ɗauki sifirin. Kalmar ta haɗa abu biyu da ba su yi kama ba: murɗaɗɗen ƙarfen nan mai kama da nannaɗaɗɗen maciji, wanda wasu ke bambantawa da cewa kwayil, da kuma dogayen fallayen ƙarfe da ake jerawa ɗaya kan ɗaya. Ita kuma 504 ba mota ɗaya ba ce. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma ƙafarta ta baya ta kasu. A salun ta farko kowace taya ta baya tana motsi ita kaɗai a kan nata hannun da nata kwayil. A 1973 aka fito da samfurin L, salun ce ita ma, amma tayoyin bayanta a kan sandar ƙarfe ɗaya suke. Wagon irin ta kakanmu ta fi salun tsawo, tazarar tayoyinta na gaba da na baya mita 2.90 ce maimakon 2.74, kuma kwayil huɗu ne a bayanta, biyu a kowane gefe, saboda kaya da kujerun nan layi uku. A-kori-kura kuwa fallayen ƙarfe gare ta a baya. Ka ga wanda ya aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa da saƙon "sifirin ɗin bayan Fijo" bai faɗi komai ba tukuna.

Yanzu sai sunayen da dattijon nan ya jero, waɗanda ke faɗin asalin kaya. Folokam daga Turancin buroka ya zo, follow come, wato abin da ya biyo mota ya zo tare da ita daga kamfani. A duk kalmomin kasuwa ita kaɗai ce ke nufin abin da kawu yake nema. Amma wane kamfanin? An daina ƙera salun 504 a Faransa a 1983, alhali kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Cikin wannan doguwar tazara an yi GL, an yi GR da SR, aka ƙare da Bestline. Folokam ɗin motar Kaduna ta ƙarshen zamani ba lallai ya zama folokam ɗin wadda ta sauka daga jirgin ruwa a farkon shekarun 1970 ba. Kowanne na gaskiya ne, amma a motarsa.

Beljiyam kuwa sunan ƙasa ne da ya koma sunan daraja. Bayan an karya darajar naira a 1986, zamanin Janar Babangida, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe. A lokacin, galibinsu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam ake loda su, su sauka a Kwatano, su shigo ta kan iyaka. Daga nan muka sami Beljiyam, muka sami 'yar Kwatano. Yarbawa suka ba mu tokumbo, sunan da suke raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku. Yau ko daga Jamus aka kwance shok, Beljiyam ne sunansa. Abin da kalmar ke alƙawari shi ne ƙarfen ya yi aiki a kan lafiyayyar kwalta. Ba ta yi alƙawarin cewa kamfanin Peugeot ne ya ƙera shi ba, don Baturen da ya riƙe motar shi ma yana canja kaya.

Taiwan ma haka ya faru da ita. 'Yan kasuwar Nnewi sun yi ta shigo da sababbin kayan gyara masu sauƙin kuɗi daga can, har sunan ya manne wa duk wani sabon kaya da ba na kamfani ba, ko a ina aka yi shi. Daga baya ɗan Caina ya gaje shi. A can ƙasan tsani kuma akwai jabu, tsohuwar kalma da ake dangantawa da sunan Ijebu tun zamanin kuɗin bogi na lokacin Turawa. Bambancin na da muhimmanci. Ɗan Taiwan bai ɓoye kansa ba, araha ce ka gani ka saya. Jabu shi ne wanda ya sa rigar wani.

Rigar kuwa zaki ce. Tun 1858 iyalan Peugeot suka yi rajistar tambarin zaki, a lokacin zarto suke ƙerawa ba mota ba, don mai saye ya gane nasu. Yau buga zaki a jikin kwali ya fi komai sauƙi. Shi ya sa orijinal ta zama kalma mai fuska uku a kasuwa: wanda ya zo da motar, wanda kamfani ya yi don canji, da wanda kawai mai shago ke nufin ya fi na kusa da shi. Kama da wane dai ba ta wane.

Na ga yadda dattijon ya warware wannan ba tare da gardama ba. Ya fara da ɗan farantin ƙarfen da ke manne cikin ɗakin inji, ya sa jikansa ya kwafe samfuri da lamba a takarda. Ya kwance kwayil ɗaya, ya wanke shi da kananzir, ya ƙirga zagayensa da yatsa, ya gwada tsawonsa da igiya ya ƙulla alama, ya auna kaurin ƙarfen da bakin sufana. Ya kankare tsatsar jikin shok yana neman lambar da aka buga a ƙarfe, ya ce ta kwali ba shaida ba ce. Sannan ya raba kayan gida biyu. Ƙarfe a nemi tsohon na gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani. Roba kuwa, ya ce ko zaki goma ne a jikinta, idan ta shekara arba'in ta mutu, sabuwa za a saya. Wato akwai inda folokam ɗin ma ba shi ne daidai ba.

Sai da aka zo bushin na ƙarshe aka ga abin da babu shi a duk jerin. Baƙar roba ce mai kauri, an yanka ta da wuƙa, zanen taya na nan raɗau a gefenta. Wani bakanike ne a zamanin kakanmu ya fafe ta daga tsohuwar tayar babbar mota, ta kuwa riƙe motar shekara da shekaru. Da an ɗauke ta a matsayin samfuri an tafi kasuwa, da an yi ta neman abin da babu kamfanin da ya taɓa yi.

Kawu ya juya ta a tafin hannu ya ce, "To Malam, wannan folokam ne ko Beljiyam?"

Dattijon ya karɓa ya duba yankan wuƙar, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan Kazaure ne, Alhaji. Ina jin ma hannun maigidana ne."

An sa sabon bushin a motar. Tsohon kuwa kawu ya huda shi, ya rataya a jikin makullin.