Malam Ibrahim Sheme: Daga Aikin Jarida Zuwa Ƙagaggen Labari

Malam Ibrahim Sheme ɗan asalin garin Sheme ne da ke Ƙaramar Hukumar Faskari a Jihar Katsina. Ya karanci aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, daga bisani ya ƙaro ilimi a Cardiff ta ƙasar Birtaniya. Ya yi aiki da jaridar New Nigerian a Kaduna, ya riƙe muƙamin editan Leadership a Abuja, kana shi ne mawallafin mujallar Fim wadda ta fara fitowa a shekarar 1999.

Haɗa aikin jarida da ƙagaggen labari daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Marigayi Alhaji Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi kuwa Sheme, ta ɗakin labarai ya biyo ya iso ga adabi, kuma bai ajiye aikin jaridar ba.

Littafinsa da ya fi shahara shi ne 'Yartsana, wanda aka buga a 2003, ya kuma lashe gasar adabin Hausa ta tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye a 2007. Littafin ya bi sawun wata yarinya da ta faɗa karuwanci, ya shiga da mai karatu cikin gidajen da jama'a kan wuce su kau da kai. Ɗan jarida yakan isa irin wannan gida ne ranar da aka yi kame ko rigima, ya ɗauki suna da adadi, ya koma ofis. Ba shi da hurumin rubuta abin da ke zuciyar matar, ko yadda aka yi ta baro gidan iyayenta. Wannan hurumin na marubucin labari ne, kuma Sheme ya yi amfani da shi ba tare da ya mai da littafin wa'azi ba.

Irin wannan rubutu na da muhimmanci ga yammacin jihar. Batsari da Safana, masu iyaka da dajin Rugu, sun yawaita fitowa a jaridu tun daga 2019 saboda hare-haren 'yan bindiga. Rahotannin sun kawo adadin mamata da shanun da aka kore. Halin da matan da suka yi gudun hijira suka shiga bayan tafiyar 'yan jarida kuwa, kaɗan ne daga cikinsa ya shiga takarda.