Dokar Newton ta Uku da Tambayar Amalanke: Me Ke Sa Abu Ya Motsa?

Tsakure

Maƙalar ta nazarci wani ruɗani da ke damun ɗaliban fiziks: in har kowane ƙarfi yana da martani daidai da shi, ta yaya abu zai gusa daga inda yake? An nuna cewa ƙarfi da martaninsa ba a kan jiki ɗaya suke sauka ba, kuma rashin fayyace wannan a aji shi ne tushen matsalar.

Gabatarwa

A shekarar 1687 Isaac Newton ya wallafa littafinsa Principia a Landan. Da yake bayanin dokarsa ta uku, ya kawo misalin doki mai jan dutse da igiya: gwargwadon yadda dokin ke jan dutsen gaba, haka dutsen ke jan dokin baya. Ɗalibai kan haddace wannan tsaf, fahimtar ce ke gagara. A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa, Malcolm Wells da Gregg Swackhamer, suka fitar da wata jarrabawar auna fahimtar ƙarfi a Amurka. Ɗaya daga cikin tambayoyinta ta shafi karon babbar mota da ƙarama, kuma ɗalibai da dama kan ce babbar ce ta fi buga ƙaramar da ƙarfi. Ba haka ba ne. Bugun daidai yake. Sai dai in babbar tana da tan 20, ƙaramar tan 1, sauyin gudun ƙaramar zai ninka na babbar sau 20, shi ya sa ita ce ta fi jin jiki.

Inda kowane ƙarfi ke sauka

A ɗauki sa yana jan amalanke mai ɗauke da buhunan gero, jimilla kilo 500. San yana jan amalanken da ƙarfin niwton 600, amalanken ma tana jan san baya da niwton 600. Na farko a kan amalanke ya sauka, na biyu a wuyan sa. Tunda kowanne da jikin da ya hau, babu yadda za a yi ɗaya ya soke ɗaya.

Mai son sanin ko amalanken za ta tafi, sai ya ware ta ita kaɗai ya ƙirga abin da ke kanta: jan sa zuwa gaba, 600, da turjiyar ƙasa a tayoyi zuwa baya, a ce 400. Ragowar 200 ce, kuma bisa dokar Newton ta biyu gudunta zai riƙa ƙaruwa da mita 0.4 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Shi kuwa san, kofatonsa na tura ƙasa baya, ƙasa kuma na tura shi gaba. Wannan turin na ƙasa ne ke kai sa da amalanke kasuwa. Duk wanda ya ga amalanke ta maƙale a taɓo da damina ya ga hujjar da idonsa: san na nishi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, kofato na zamewa yana watsa laka, amma ko taku ɗaya babu. Ƙarfinsa na nan, ƙasar ce ta daina mayar da turi mai isa.

Ba ɗalibai kaɗai ke tuntuɓe a nan ba. A Janairun 1920 jaridar New York Times ta soki Robert Goddard, mai binciken roka, tana cewa roka ba za ta yi aiki a sararin da babu iska ba, don ba ta da abin dogarawa. Alhali roka hayaƙinta take turawa baya, hayaƙin kuma ya tura ta gaba. Sai ranar 17 ga Yuli, 1969, kwana ɗaya bayan tashin kumbon Apollo 11, jaridar ta janye maganarta.

Abin da ya shafi koyarwa

A ganina, laifin yana ga yadda muke faɗin dokar ba tare da ambaton wane ke tura wane ba, kuma abin yana damuna, domin ɗalibi mai basira ne ke tambayar yadda abu zai motsa in ƙarfi da martaninsa daidai suke, sai a ce masa ya haddace kawai. Ya kamata malami ya tilasta a ambaci jiki biyu a kowane ƙarfi. Buhun da ke ajiye a kan tebur ya isa gwaji. Yawanci za a ce martanin nauyinsa shi ne tokarar da teburin ke yi masa, alhali dukansu biyu a kan buhun suke. Nauyi jan da duniya ke yi wa buhun ne, don haka martaninsa shi ne jan da buhun ke yi wa duniya.