Gasar Zafin Nama ta Karnuka: Ina Kuɗin Suke Zuwa?

Yau za mu leƙa Ingila da Amurka, mu bi tarihin wani wasa da da yawanmu mun taɓa cin karo da bidiyonsa a waya: kare na falfala gudu a fili, ya tsallake shinge, ya kutsa cikin dogon bututu, ya fito ya yi ta saƙa tsakanin sanduna, wani mutum na biye da shi a guje yana nuna masa hanya da hannu. Turawa na ce wa wasan "agility", mu kuwa za mu kira shi gasar zafin nama. Mu da muka san kare da gadi ko farauta, tambayar da ke fara zo mana ita ce, nawa ake ba wanda ya ci? Wannan tambayar ce ta ja mu cikin tarihin.

Asalin abin yana komawa ga bikin baje kolin karnuka na Crufts, wanda Charles Cruft ya kafa a Landan a 1891. Shi Cruft ɗin ɗan kasuwa ne, a kamfanin biskit ɗin karnuka ya yi aiki, don haka tun farko ya san cewa taron masu kare kasuwa ce. Bayan rasuwarsa a 1938 bikin ya koma hannun ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, wato Kennel Club.

A shirye-shiryen bikin 1978, masu tsarawa suna da wata 'yar matsala. Akwai lokacin da babban filin ke zama fayau, tsakanin ƙarshen gasar biyayya da fara tantance karnukan da suka fi kyau, 'yan kallo suna zaune suna hamma. Aka ɗora wa wani ɗan kwamiti mai suna John Varley nauyin nemo abin da zai cike gurbin. Varley ya fi sanin harkar dawaki, sai ya yi tunanin a kwaikwayi gasar tsallen shinge ta mahaya, a sa karnuka a madadin dawakai. Da yake ba gwanin horar da kare ba ne, ya nemi Peter Meanwell, mutumin Lincolnshire da ya daɗe a harkar gwajin karnukan aiki. Meanwell ne ya zauna ya tsara kayan wasan da ƙa'idojinsa. A watan Fabrairun 1978 ƙungiyoyi biyu, kowace da karnuka 4, suka fito gaban jama'a. 'Yan kallo suka ruɗe da tafi. Zuwa 1980 Kennel Club ta amince da shi a matsayin gasa mai dokokinta.

Mu lura da wani abu a nan, domin zai dawo mana a gaba. Ranar farko ta wannan wasa ta fara ne da neman malami: mai dabara yana da tunani, amma sai da ya je ya nemo wanda ya san kare.

Dokar wasan ba ta da wuyar fahimta. Alƙali ne ke jera kayan, kuma jerin yau daban da na gobe. Ana ba masu karnuka 'yan mintuna su zagaya filin su kaɗai, su haddace hanya, karen kuwa bai san komai ba sai an saki shi. Babu igiya a wuyansa, babu abinci ko abin wasa a hannun mai shi, kuma ba a yarda ya taɓa karen ko kayan ba. Akwai shingaye, da bututu, da taya da ake ratsawa, da sandunan saƙa waɗanda galibi 12 ne, da gada siririya, da katako mai lilo, da wani mai siffar jinka da ake hawa a sauka. A ƙarshen waɗannan katakai akwai wurin da aka shafa wa fenti daban, dole ƙafar kare ta taka shi, in ya yi tsalle ya wuce an ci shi tara. An sa wannan doka ne don kada kare ya riƙa dirowa daga sama ya ji ciwo. Wanda ya gama ba kuskure cikin mafi ƙarancin daƙiƙu, shi ya ci.

Daga Ingila wasan ya tsallaka teku. A 1986 Kenneth Tatsch ya kafa ƙungiyar USDAA a jihar Teksas, a 1993 Sharon Nelson ta kafa NADAC, sannan babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta shigo a 1994. Ƙungiyar duniya ta FCI kuma ta fara gasar zakarun duniya a 1996 a Suwizalan.

To, ina kuɗin? A nan ne mai karatu zai sha mamaki. A yawancin gasannin da ake yi duk ƙarshen mako, abin da mai nasara ke komawa gida da shi kintinkiri ne mai launi, sai wasu haruffa na lambar girma da ake liƙa wa sunan karensa. Shi ne ma ke biya. A Amurka kowane gudu ɗaya sai an biya kuɗin shiga, ga man mota, ga masauki, ga likitan dabbobi. Gasar duniya ta FCI kanta kofi da lambar yabo ake bayarwa, kuma ba baƙon abu ba ne a ga 'yan tawagar wata ƙasa suna neman gudummawa don su biya kuɗin jirgi. Ba mu ga laifin wasan shi kaɗai ba, domin gidan da aka haife shi haka yake: karen da ya zama gwarzon Crufts baki ɗaya, ladan kuɗinsa bai wuce fam 200 ba.

Akwai inda aka ɗan saɓa. USDAA ta ƙirƙiro gasar gudu da ta yi suna da tukwicin dala 10,000, amma kuɗin rabawa ake yi tsakanin rukunonin tsayin karnuka da waɗanda suka zo kan gaba, abin da ke isa hannun mutum ɗaya da ƙyar ya rufe ɗawainiyar shekara. Bikin Westminster na Niyu Yok, wanda ya shigo da wasan a 2014 kuma ake nuna shi a talabijin, ya bi wata hanya: dala 5,000 ake bayarwa da sunan gwarzon, amma ga wata ƙungiyar horarwa da ya zaɓa ko asusun jin ƙai, ba aljihunsa ba. A 2024 wata ƙaramar karya mai suna Nimble, wadda ruwa biyu ce, ta lashe wannan gasa cikin ƙasa da daƙiƙa 30, karo na farko da kare marar tsantsar asali ya yi hakan. Duniya ta kalli bidiyonta, tukwicin kuwa ya bi inda ya saba bi.

A ganinmu dalilin a fili yake. Tseren dawaki yana da kuɗi saboda caca da masu kiwo da ke sayar da jinin zakara da tsada. Zafin nama ba shi da 'yan caca, masu kallonsa mafi yawa su ne masu yin sa, kuma kamfanonin abincin kare da ke ɗaukar nauyin manyan gasanni sun fi bukatar a ga sunansu a bangon fili.

Saboda haka kuɗin suka bi ta wata ƙofa, suka koma koyarwa. A shekarun 1980 wanda ke son koyo kulob ɗin unguwa yake zuwa, inda 'yan sa-kai ke koyarwa da kayan da suka ƙera da hannunsu. Mutane irin su Peter Lewis da John Gilbert na Ingila suna cikin na farko da suka riƙa tafiya wasu ƙasashe suna koyar da wasan. Da gudu ya ƙaru, bambancin na ɗaya da na biyu ya koma ƙiftawar ido, sai zakaru suka gane cewa kofin da suka ci shi ne tallarsu. Greg Derrett na Ingila ya fito da tsarinsa na yadda mai kare zai yi amfani da kafaɗa da hannu da matsayin tsayuwa. Linda Mecklenburg ta Amurka ta fito da nata. Susan Garrett ta Kanada ta shahara da dabarar koyar da saƙa da sanduna biyu-biyu. Silvia Trkman ta Sulobeniya ta yi suna wajen koya wa kare ya taka fentin nan a guje ba tare da ya tsaya ba, kuma tana cikin waɗanda suka mayar da aji kan intanet, ɗalibi ya aiko bidiyo, malama ta gyara.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai na Finlan ne. Janita Leinonen tana da karya mai suna Tekla, wadda ta kurmance a 2003. Da murya ta daina amfani, dole ta koma nazarin abin da kare ke karantawa a jikin mutum: inda ƙirji ya fuskanta, inda ƙafa ta nufa, inda ido ya kalla. Daga nan aka gina tsarin OneMind Dogs, wanda yau ake biya a koya a ƙasashe da dama.

Wannan yalwa ita ta kawo wahalar da sabon shiga ke ciki. A Ingila da Amurka doka ba ta neman lasisi kafin mutum ya kira kansa mai horar da kare, duk wanda ya mallaki fili da shingaye zai iya kafa allo. Tsare-tsaren kuma sukan ci karo da juna, motsin hannun da wani malami ya wajabta, wani ya haramta shi, kare ya rasa na kamawa. Sannan cin kofi daban, iya koyarwa daban. Wanda ya yi nasara da karen tumaki na Border Collie, mai son aiki tun daga haihuwa, yana iya rasa yadda zai yi da kare mai tsoro ko mai taurin kai.

Shi ya sa tsofaffin hannu ke ba sabo shawarar ya je filin gasa ya zauna, ya kalli waɗanda karnukansu ke gudu da walwala, ya tambaye su wa ya koya musu. Daga nan ya nemi izinin zama a aji ɗaya ba tare da karensa ba, ya ga yadda malamin ke yi da ɗalibin da ya fi kowa rauni. Akwai kuma ma'aunin da ba ya ƙarya, wato shekarun kare. Kennel Club ba ta barin kare ya shiga cikakkiyar gasa sai ya kai wata 18, AKC kuma wata 15, saboda ƙashin ɗan kwikwiyo bai gama ƙwari ba. Malamin da ya ɗaga wa ɗan wata 6 shinge don ya burge mai biyan kuɗi, ba a komawa ajinsa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.