Daga Jaji Zuwa Mai Alawus: Sauyin Aikin Sa Kai a Birnin Sakkwato

Ƙofar Marke na cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Sakkwato, kuma a unguwanni irinta na cikin gari ne ake ganin tsari biyu na aikin sa kai suna gudana lokaci guda. Ga ɗan agaji da kakinsa da usur a wuya, yana daidaita sahu ranar Idi ko yana ba da hannu a ƙofar masallacin tafsiri. Ga kuma matar da ke bi gida gida da littafin rajista, tana rubuta jarirai da masu juna biyu, tana lallashin maigida ya bari a ɗiga wa yaro maganin shan inna.

Shi na farko ɗan ƙungiya ne. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 ƙarƙashin jagorancin Sardauna, da Fitiyanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowacce na da rundunar agaji mai muƙamai da fareti da horo. Galibi ɗan agaji shi ke ɗinka kakinsa, kuma ba ya jiran ko kwabo. Lada yake nema, sai mutuncin da yake samu a idon jama'a. Ita kuwa ta biyu 'yar shiri ce. Tun daga 2012 UNICEF da gwamnati suka ɗauki dubban mata a jihohin Arewa, har da Sakkwato, domin wayar da kai kan rigakafi, ana ba su ɗan alawus. Gumin waɗannan mata, tare da kwamitin sarakunan Arewa da ke aiki da umarnin Sarkin Musulmi tun 2009, na cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta, 2020.

Salon wannan shiri ne ƙungiyoyi masu zaman kansu ke kwaikwaya yanzu: tantance mutum kafin a ɗauke shi, bita, mai duba aiki, rahoto ta wayar salula, zauren WhatsApp, da biyan kuɗi ta asusun banki. Alfanunsa a fili yake. Sunayen bogi sun fi wuyar shiga, kuma ana sanin gidan da aka je da wanda aka tsallake.

Inda gizo ke saƙa shi ne alawus. Matar da ke fita kusan kullum cikin ranar Sakkwato, tana cike takardu, ana tuhumarta idan ta makara, ma'aikaciya ce, kuma biyan ta abin da bai kai cefanen mako ba zalunci ne, ko da niyyar mai shirin ta alheri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2018, ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na unguwa daidai wahalarsu. Ta ɗaya gefen kuma, alawus ya sauya halin jama'a. A kira taron tsaftar magudana, tambayar farko ita ce ko akwai kuɗin mota. Ban ga laifin mai tambayar ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 zirga-zirga ta zama nauyi. Amma da gurbi ya zama na kuɗi, sai mai uwa a gindin murhu ya shiga gaba, wanda unguwa ta amince da shi ya koma baya. Da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, an ga yadda shirin da ya dogara ga aljihun baƙo ke tsayawa cik.

Sakkwato na da abin dubawa a tarihinta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Tana zaɓar dattijuwa amintacciya daga ƙauyen da za ta yi wa aiki, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a gaban jama'a. Jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin ilimi, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Mai nazarin shugabanci zai ga komai a nan: zaɓe daga cikin gida, horo mai maimaituwa, alamar girma da kowa ya sani, da aikin da bai fi ƙarfin mai yin sa ba. Har magajiya aka tanada, don ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin bayanta.

A ganina ya kamata ƙungiyar da ke aiki a cikin gari yau ta raba gurabenta gida biyu tun a kasafin kuɗi. Aikin kullum a biya shi albashi da takardar yarjejeniya. Na sa kai kuma a taƙaita shi ga 'yan sa'o'i a mako, a mayar wa mutum kuɗin mota da katin waya da ya kashe, a bar mai unguwa da liman da shugabannin mata su tabbatar da sunansa, kuma rajistar ta zauna a hannun kwamitin unguwa ko bayan an rufe shirin.