Tarihin Gano Yoyon Iskar Gas, Daga Ramin Kwal Zuwa Ɗakin Girki

Iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin metan ne, ba ta da launi kuma ba ta da wari, amma da zarar ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyastawar ashana ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tayar da ita. Mahaƙan kwal na Ingila sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunta, domin a shekarar 1812 ta fashe a mahaƙar Felling ta hallaka mutum 92, cikinsu har da yara. Bayan shekara uku Humphry Davy ya ƙera fitilar da aka kewaye harshen wutarta da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda ke shanye zafi ta hana wutar fita ta kama iskar ramin. Fitilar ta zama ma'auni kuma, saboda harshenta yakan ƙara tsawo ya yi shuɗi-shuɗi idan metan ya yawaita. Tsuntsun kanari da ake yawan ambata a wannan fage aikinsa daban ne, domin an riƙa shiga da shi rami ne musamman saboda kabon monokzayid, wato iska mai guba da ke fitowa idan abu bai ƙone sarai ba, kuma sai a 1986 Birtaniya ta daina amfani da shi.

Abin da ya sauya lamarin gidaje ya faru ne a garin New London na jihar Texas a Amurka. Makarantar garin, wadda arzikin man fetur ya gina, ta jona bututunta da na ragowar gas ɗin da ake zubarwa a filin mai don ta rage kuɗin ɗumama azuzuwa. Gas ɗin ya yi ta yoyo yana taruwa a sararin da ke ƙarƙashin ginin, ɗalibai suna kukan ciwon kai, amma babu hancin da ya ji komai, har ranar 18 ga Maris 1937, lokacin da wani malami ya kunna injin goge katako, ginin ya tarwatse, kimanin mutum 300 suka rasu, akasarinsu yara. Cikin 'yan makonni majalisar jihar ta wajabta zuba wa gas sinadari mai wari, kuma dokar ta bazu zuwa wasu wurare. Wannan sinadari, makaftan, ɗan gidan farar wuta ne mai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma hanci yana jin sa tun gas bai kusa kai matakin kamawa ba. Abin takaici shi ne an san dabarar tun kafin wannan rana, sai da aka binne yaran gari guda sannan ta zama doka.

Sai dai hanci mai gadi ne da ba a iya dogara da shi kullum, domin mai barci ba ya jin wari, mura da tsufa suna rage ƙarfinsa, kuma gas ɗin da ya ratsa ƙasa daga fasasshen bututu yakan bar warinsa a cikinta. Tun a shekarun 1920 Oliver Johnson ya ƙera wa masana'antar mai a California na'ura mai zazzafar wayar filatinam, wadda gas ke ƙonewa a kanta ya ƙara mata zafi har allura ta motsa, amma wannan kayan ma'aikata ne da bai shiga gida ba. Wanda ya kai ta gida shi ne Naoyoshi Taguchi na Japan, wanda labarin fashewar gas a wani gida kusa da tafkin Yamanaka ya sa shi bincike a farkon shekarun 1960. Ya yi amfani da kuza da aka haɗa da oksijin, wadda idan an ɗumama ta gas ya taɓa ta sai lantarki ya fi saurin ratsa ta, nan take ƙararrawa ta ɗau ƙara. A 1968 aka fara sayar da wannan ƙwayar gano gas, kuma arha da ƙanƙantarta ne suka sa kamfaninsa na Figaro ya yaɗa ta a duniya.

Wurin kafa na'urar ya danganta da nauyin gas ɗin. Metan da ake turowa ta bututu ya fi iska rashin nauyi, saboda haka ake maƙala ƙararrawarsa kusa da rufin ɗaki. Gas ɗin tukunya kuwa, wanda shi ne ya shiga ɗakunan girki na Kano da Yamai, haɗin furofen da buten ne, kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya taru a lungu da magudana, don haka tasa na'urar a ƙasa-ƙasa ake kafa ta, nesa kaɗan da murhu da taga.